Hotunan 'Ya'yan Mutane

Ni haihuwar Wad Madani ce, babban birnin jihar Jazira a Sudan. Kakana na wajen uba ya taso ne daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, cikin dubban Hausawan da suka biyo hanyar gabas bayan zuwan Turawa. Da guzuri ya ƙare masa sai ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda ruwan madatsar Sinnar ya fara shayarwa a 1925. Nufinsa ya tara kuɗin jirgi ya haye teku, sai aure ya zo, 'ya'ya suka biyo baya. Daga bisani ya samu ya sauke farali, amma Madani ya dawo, a nan kuma kabarinsa yake. Dangin mahaifiyata mutanen Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. A cikin gida Hausa muke yi, a kasuwa da makaranta Larabci, kuma ba mu san wata ƙasa ba sai wannan.

Babana bai gaji noma ba. Tun yana saurayi ya shiga yaron shago wurin wani mai hoto a babbar kasuwa, daga shara da aike har ya iya aikin, ya buɗe ɗan shagonsa kusa da unguwarmu. Dattawa sun daɗe suna yi masa kallon wanda ya bar sana'ar kirki, wasu malamai ma ba sa taka shagon. Bai taɓa jayayya da su ba, ya san duk mai niyyar Hajji sai ya zo an yi masa hoton fasfo.

Ni ce babba a ɗakinmu. Ƙannena maza babu wanda ya ga abin sha'awa a zaman ɗakin duhu, ɗaya ya bi masu agashe, ɗaya hankalinsa na kan tafiya Saudiyya, don haka ni na shiga tun ina ƙarshen firamare. Ɗakin wani lungu ne a bayan shago, an toshe tagarsa da bargo. Faranti uku a jere: na maganin da ke fito da hoto, na ruwan tsayarwa, da na maganin da ke kafe shi kada haske ya ɓata. Maganin yana son sanyi, wajen digiri 20, Madani kuwa a watan Mayu tana zarce 40. Aikina na farko ke nan, sayo ƙanƙara da magariba, mu naɗe ta a buhu, mu yi wanki kafin kiran assalatu. Shi fim cikin baƙin duhu ake warware shi, da laluben yatsa. Jan kwan fitila na takarda ne kawai. Har yau in na tuna farar takarda a cikin faranti, ina girgiza ta a hankali, idanu su fara fitowa, sai hanci, sai bakin mayafi, nakan ji ƙirjina ya cika. Fim mai launi ba ma iya wanke shi, sai mu ba direban mota ya kai Khartoum, tafiyar awa uku, mu yi ta jira da addu'a kada zafi ya lalata shi a hanya.

Kyamarar da Baba ya fi so Yashica ce mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama. Hoto 12 kawai naɗin fim ɗinta ke ɗauka, ba kamar ƙaramin fim mai 36 ba, don haka ba a danna ta sai an tabbatar. Yakan ce ita ce kyamarar masu kunya. Tunda kansa a sunkuye yake, ba ya kallon fuskar yarinya, sai ta saki jiki ta ɗago. A kanta ya koya mini abin da ya fi komai wuya a aikinmu: baƙar fuska kusa da farar jallabiya da farin rawani. In ka biye wa hasken rigar, fuska ta nutse. Sai ka ƙara buɗe ƙofar haske kaɗan, ka sa wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske kan haɓa da kumatu.

A wancan zamani masu shirin aure ba sa zuwa hoto sai an ɗaura, kafin tarewa. Tsakanin biyun akan ɗauki watanni, ango na haɗa kayan shela, wato lefen Sudan, ko yana gina ɗaki, ko hutunsa ya ƙare zai koma wurin aiki a Jidda ko Riyad yana son abin da zai sa a aljihu. Kaɗan ne ke zuwa bayan sa rana, su ma da gwaggo a gefe tana zaune a kan benci, idonta a kan tazarar da ke tsakanin kujerun. Baba ba ya taɓa mayafin 'yar wani. Ni ke gyara wa yarinya tob ɗinta, wato lafayar matan Sudan, in juya hannunta lallen ya fito, in raɗa mata ta daina cije leɓe. A hankali iyaye mata suka fara cewa a bar yarinyar nan ta ɗauka mana, wata rana kuwa Baba ya rataya mini kyamarar a wuya ya fita ya zauna a ƙofar shago. An yi surutu a unguwa, an ce wa zai auri mai hoto. Allah ya kawo wanda ya aura, direba ne, daga baya ya samu aiki a Riyad, ni na ci gaba da riƙe shago.

Akwai doka guda da Baba bai taɓa sassautawa ba. In an gama aiki, dodon hoton, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga jikinsa ake buga kowane kwafi, sai a sa shi a ambulan mai hatimin shagonmu a miƙa wa uwar yarinya. Ba a ba ango, ko da shi ya biya. Sauran masu hoto suna ajiye dodo ne don duk mai son ƙari ya dawo ya sake biya, wannan kuɗi kuwa ba kaɗan ba ne, mu mun haƙura da shi. Dalilinsa wani abu ne da ya gani yana yaron shago: aure ya lalace bayan an yi hoto, saurayin ya dawo ya sa aka buga masa da yawa, ya riƙa nunawa a wurin mai shayi, yarinyar ta shekara da shekaru ba wanda ya tako gidansu. "Ɗiyata," yakan ce, "mu aro aka ba mu fuskar nan na ɗan lokaci. In mun gama, mu mayar wa masu ita." Shi ya sa gilashin ƙofar shagonmu bai taɓa ɗaukar hoton mace ba, sai na yara da na alhazai.

Dijital ta iso mana a tsakiyar shekarun 2000, ta zo daidai da lokacin da ciwon suga ya fara cin idon Baba. Fim ya yi tsada, magani ya yi wuyar samu, masu wanki a Khartoum suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka ji a rediyo a farkon 2012 cewa kamfanin Kodak ya shiga halin karaya, Baba ya yi shiru ya daɗe. Ga takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997, kaya ba sa shigowa kai tsaye, sai a jakar masu dawowa daga Dubai ko Jidda. Na shiga adashi da matan unguwa, da kwasata ta zo na haɗa da abin da maigidana ya turo, aka sayo mini Canon ta hannu. Na koyi kwamfuta a wurin wani yaro da na girme shi nesa, tsakanin ɗaukewar wuta da dawowarta.

Ba zan ɓoye ba, na so dijital. Ka ɗauka ka gani nan take, in ido ya rufe ka sake, babu fargabar fim ya ƙone. Da Facebook da Instagram suka shigo, hotunan kafin biki suka zama abin yayi, musamman bayan an soke dokar da ke sa ido kan shiga da cuɗanyar jama'a a ƙarshen 2019, aka samu sakewar fita bakin kogi da yamma. Nakan karanta yadda ake ta muhawara a kan irin waɗannan hotuna a Kano da Kaduna, mu ma mun yi tamu a nan. Matsayata ba ta canza ba: kafin a ɗaura babu taɓa juna a gaban kyamarata, kuma sai da wata babba daga gidan yarinya. Na rasa masu ciniki a kan haka, na kuma samu wasu a kan haka. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa in haska musu fata a kwamfuta. Yarinya kyakkyawa, baƙa mai sheƙi, ta tsaya a kaina tana cewa ƙara, ƙara, har ta koma wata da uwarta ba za ta gane ba. Nakan gyara haske, in share ƙurji, amma launin da Allah ya ba ta nakan roƙe ta ta bar shi, domin 'ya'yanta za su so su ga uwarsu.

Sai dai dijital ba ta da dodo. Nakan zuba wa yarinya hotunanta a kati ko filasha in ba ta, bayan wata biyu ta dawo ta ce ya ɓata, ko ƙaninta ya goge ya zuba waƙoƙi. Dole na fara ajiya. Faifan ajiya ɗaya ya cika na sayi wani, na buɗe babban littafi ina rubuta suna, unguwa, lambar waya da ranar aiki. Wata rana Baba, lokacin ganinsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ya tambaye ni, "Wai dodon na yanzu wa kike ba?" Na ce, "Baba, yanzu babu dodo, duk suna cikin ɗan akwatin nan." Ya lalubo faifan ya juya shi a hannu, ya ce, "To ke ce ke riƙe da 'ya'yan mutane ke nan. Allah ya ba ki ikon riƙewa."

Yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi. Cikin 'yan makonni Madani ta cika maƙil, makarantu da masallatai duk mutane, gidanmu ma har tsakar gida shimfiɗa ce. Abin mamaki, aure bai tsaya ba. Iyaye suna gaggauta ɗaurawa don yarinya ta samu wanda zai tsallaka da ita Masar ko Saudiyya. Suna zuwa ba zinare, ba kayan shela, tob ɗin ma na aro. Da yawa ban karɓi kuɗinsu ba. A bakin waɗannan matan na ji abin da ya hana ni barci: yadda masu bindiga ke shiga gida su karɓi waya da kwamfuta su yi ta bincike, su ga hoton mace da zinare su ce a fito da shi, su ga hoton budurwa su ce tana ina.

Ranar 15 ga Disamba muka tashi da ƙarar manyan bindigogi daga gabas, ta wajen gadar Hantub. Zuwa ranar 19 gari ya faɗi. A daren da muka yanke shawarar fita na lallaɓa shago na kwaso faifan duka da littafin, na zauna da su a ɗakin girki. Na san abin da ke ciki. Amaren jirtik, wato bikin sa wa ango da amarya albarka, cikin jan tob, zinare tun daga goshi har ƙirji. Rawar amarya da ake yi mata zalla, wadda ko yayyen yarinya maza ba sa gani. 'Yan mata ba ɗankwali suna dariya domin sun san ni kaɗai ce a ɗakin. Ga kuma littafi yana faɗin gidan kowace da lambarta. In na ɗauka, akwai shingayen bincike a hanya. In na binne, wani na iya tonowa, kuma an ce suna tona duk inda suka ga sabuwar ƙasa. In ce zan goge, babu wuta, kuma na san abin da aka goge mai wayo na iya dawo da shi.

Na daɗe a zaune ina jujjuya abin. Aikin kusan rabin rayuwata ne, har da hotunan sunan 'ya'yana da na Baba na ƙarshe yana gani. Na yi tunanin ware namu, amma babu yadda za a ware a cikin duhu ba kwamfuta. Na yi alwala na yi raka'a biyu. Sannan na ɗauko sukudireba na kwance faifan ɗaya bayan ɗaya, na fito da farantan cikinsu masu ƙyalli, na ɗora a kan dutsen niƙa na sa guduma. Wasu suka tarwatse kamar kwalba, wasu sai lanƙwashewa, na yi ta duka har suka daina kama da komai. Littafin na yayyaga na cusa a murhun gawayi shafi-shafi, ina ganin sunayen da na sani suna murɗewa. Baba yana kwance a ɗaki yana jin komai. Da na shigo ya ce, "Kin gama?" Na ce, "Na gama, Baba." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." A nan ne kuka ya ƙwace mini, na toshe baki da mayafi kada yara su farka.

Hanyar Gadarif ta gabas ba ta biyuwa, sai muka yi kudu. Kuɗin mota ya ninka har ba a iya faɗa, Canon ɗina na ba mai babbar mota ya ɗauke mu zuwa Sinnar, ni da Baba da Inna da yara. Daga nan muka ƙarasa Mai Wurno wurin kawunnaina. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka musu, amma Baba allurar insulin yake sha, ita kuma sanyi take so. Nakan naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye a gindin randa. Da wadda muka zo da ita ta ƙare, samun wata ya zama sai an yi cigiya gari-gari. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, manhajar Bankak da maigidana ke turo mana kuɗi ta cikinta ta daina aiki, ga kuɗi a Riyad ga mu hannu wofi. A cikin waɗannan makonni jikin Baba ya rikice. Ya rasu da hantsi, kansa a kan cinyar Inna, aka binne shi a Mai Wurno. Maigidana bai ji ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Ba mu gama share hawaye ba, a ƙarshen Yuni faɗa ya iso Sinja, muka sake ɗaukar ƙunshi cikin damina, ta laka da kwalekwale, har Gadarif. Ajin makaranta aka ba mu, mu da wasu iyalai, zane ne ya raba tsakani. Na koma dama godo-godo ina sayarwa a bakin titi, abin da kakata ta yi ta ciyar da gida.

A Gadarif ne saƙonni suka fara shigowa. Duk wadda ta samu waya ta samu lambata, magana ɗaya ce: an karɓe wayata, an kwashe gidanmu, albam ya tafi, don Allah ki turo mini namu. Kowace sai in gaya mata gaskiya. Yawancinsu sun ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, wata uwa ma ta yi ta sa mini albarka tana kuka, ta ce 'ya'yanta mata uku suna cikin faifan nan. Amma akwai wadda ta zo da ƙafarta har makarantar. Ni na ɗauke su a bakin kogi ita da angonta ana saura kaɗan biki, yaro mai yawan dariya, sai da na yi ta roƙonsa ya tsaya cak. Harsashi ya same shi a hanyar neman ruwa. Tana goye da ɗan da bai san ubansa ba. Ta ce, "Yaya, ko guda ɗaya. Ina so yaron nan ya san kamanninsa." Da na faɗa mata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wa ya ce ki fasa nawa? Ni da kin tambaye ni, da na ce ki bar shi, ko me zai faru." Ta juya ta tafi ba sallama.

Maganar nan ta kwantar da ni. Na daina fita sayar da komai, abinci ba ya wucewa, dare ya yi in yi ta jin ƙarar guduma a kaina. Ban taɓa jin cewa da an mayar da ni wancan dare zan yi wani abu daban ba, har gobe ina ganin da faifan nan sun faɗa hannun da bai dace ba, da abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin kuka. Amma ita ma gaskiyarta ce. Hoton nata ne, ni na yanke hukunci a kansa ba ta nan, kuma babu abin da zan ba ta a madadinsa. Ɗaukar waɗannan biyun a zuciya ɗaya shi ne abu mafi nauyi da na taɓa yi, ya fi gudun, ya fi yunwar. Maigidana ya ce in bar komai ya nema mana bizar ziyara mu taho Saudiyya. Na so in tafi. Inna ta ce ita ba za ta yi nisa da kabarin mijinta ba, ni kuma ba zan bar ta a ajin makaranta ba. Na ce masa ya yi haƙuri.

Wata tsohuwa daga unguwarmu ta dā ce ta tashe ni. Ta shigo ta zauna a bakin tabarmata, ta ce, "Ke ce ɗiyar mai hoto ko? Tashi ki duba mini wannan." Ta kwance ƙullin leda daga cikin jakarta, inda takardar gida da takardun haihuwar jikoki suke, ta zaro ambulan da ya yi ja don tsufa. Hatimin shagonmu ne a kai, da rubutun hannun Baba. A ciki dodo ne mai faɗi, na Yashica, baƙi da fari. Uwarta ce ta karɓa a hannun Baba, ta ba ta ranar da za ta tare, ita kuma duk inda ta sa takardun gida nan take sa shi. Hoton da ke bango an bar shi a Madani, wannan kuwa ya biyo ta.

Babu ɗakin duhu, babu magani, amma na san abin da ake bukata haske ne daga baya. Na ari wayar maƙwabciya na buɗe farin shafi na ƙure haskenta, na shimfiɗa farar leda a kai don ɗigon fuskar wayar kada ya fito, na ɗora dodon. Na jera kofunan shayi biyu na gitta tawa wayar a kansu don hannuna na rawa, muka rufa da bargo ni da ita, na ɗauka. Sannan na shiga manhajar gyaran hoto na juya launin. Sai ga su: saurayi da rawani ya ɗan karkace, yarinya ta sunkuyar da kai tana satar kallonsa, a bayansu labulen nan mai zanen dabino da na sha wankewa ina yarinya. Fuskokin sun fito tas, har zanen lallen yatsunta ana gani, Baba ya ba su hasken da ya dace. Tsohuwar ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kira sunan mijinta da ya shekara da yawa a ƙasa, ta ce, "Ka ga yadda kake." A ranar na ci abinci.

Labari ya bazu a sansanin da sauran makarantu. Ashe ambulan ɗin Baba da yawa sun fito daga Madani a cikin jakunkunan mata. Wasu sun jiƙe sun manne, wasu sun karce, masu launi kuma suna da wahala domin jikin fim ɗin ruwan lemo ne, in an juya sai komai ya yi shuɗi, sai an zauna an daidaita. Na yi ta yi, wanda ya samu ya ba ni abin sayen caji, wanda bai samu ba ya yi wa Baba addu'a. Na 'yan zamanin dijital kuwa sai na bi ta wata hanya. Kusan kowace amarya ta taɓa tura hotonta ga wata 'yar'uwa a Jidda, ko Makka, ko Riyad, wasu har Kano. Na riƙa tambayar kowace wa ta tura wa, mu bi su ɗaya-ɗaya. Abin da WhatsApp ya matse ba ya dawowa da kyansa, ba ya bugun girma, amma yana isa ƙaramin kati a ga fuska.

Na mijin yarinyar nan na nema fiye da na kowa. Wayoyin danginsa duk sun tafi, shi kuma ba mai sa hoto a Facebook ba ne. Da ƙyar na same shi a hoton bikin wani abokinsa, yana can gefe, rabin kafaɗarsa a waje, yana dariya. Na yanko, na gyara iyakar iyawata, na tura mata. Alama ta nuna ta buɗe. Ba ta amsa ba har yau, ni kuma ban sake matsa mata ba.

Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairun 2025, mu kuma muka dawo bayan hanya ta lafa. Shagon babu ƙofa, babu kwamfuta, babu janareta, an jefar da injin buga hoton Baba a tsakar ɗaki an taka. Yashica tana cikin tarkace, gilashinta ɗaya ya fashe, na ɗauke ta na goge na ajiye. Maigidana ya aiko mini da wata kyamara ta hannu ta wurin masu dawowa daga Umra, na sa ƙofa, na koma aiki. Masu zuwa yanzu ba kamar dā ba ne. Zinaren na roba ne ko na aro, angwaye da yawa sun rame, kuma da wuya a yi zama ba a ambaci wanda ya kamata a ce yana nan ba. Duk da haka in na ce su kalli juna, kunyar nan da murmushin nan suna nan yadda na san su tun ina riƙe wa Baba farin kwali.

Yanzu ba na ajiye komai. In mun gama, yarinya ce ke zaɓa, in buga mata a takarda ko da guda biyar ne, in zuba sauran a kati in damƙa a hannun uwarta, in sa ta faɗi mace ɗaya da ta amince da ita a wajen ƙasa mu tura mata cikakken kwafi ba matsattse ba. Bayan biki ta dawo, in goge nawa tana kallo. Littafin suna kuwa ban sake buɗewa ba.

Har yanzu ana kawo mini ambulan, wasu ma ba na shagonmu ba ne, duk ina karɓa. In kina da irinsa a cikin kayanki, kada ki riƙe fim ɗin ta tsakiya, ki kama shi ta gefe. Kada ki bar shi a rana ko kusa da murhu. In ya jiƙe ya manne da ɗan'uwansa, kada ki ɓanɓare da ƙarfi, fuskar ce za ta biyo hannunki. Ki bar shi yadda yake a cikin takarda mai tsabta, ki kai wa wanda ya taɓa aikin ɗakin duhu.